Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugaban Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, a Kan Fitilun Tsofaffin Motoci

Ranka ya daɗe,

Na rubuto ne a kan wata magana da ba kasafai take hawa teburin manya ba, alhali kullum dare tana kan titi: fitilun tsofaffin motoci. Ina nufin su Fijo 404 da 504 da 505, da Bitil, da Landiroba, da tsofaffin Marsandi na ɗaukar kaya, waɗanda wasu sun haura shekara 30, wasu 40, wasu ma sun ba 50 baya, kuma har yau suna bakin aiki. Doka ta ce kada mota ta hau titi sai da fitila mai kyau, kuma babu mai hankalin da zai ja da wannan. Abin da mai tsohuwar mota yake buƙatar a gaya masa shi ne: wace fitila ce mai kyau a yau, bayan kamfanin da ya ƙera tasa ya daɗe da daina yin irinta? Idan ta asali ta gagara, me aka yarda ya sa a gurbinta? Kuma da me za a auna ta?

Ni ma 504 nake hawa, don haka ina da rabo a cikin maganar, ban ɓoye ba. Amma ba don irina na ɗauki alƙalami ba, domin ni ina iya ajiye tawa kafin magariba. A Turai tsohuwar mota abin sha'awa ce, ana lulluɓe ta, a fito da ita ranar hutu a zaga gari. Mu ma muna da masu wannan sha'awa a Abuja da Kaduna da Legas, Allah ya ƙara musu. Sai dai mafi yawan tsofaffin motocinmu na neman abinci ne. A-kori-kurar da ke lodin tumatir a Kura ko Kadawa tun kafin kiran assalatu don ta riski 'Yankaba da sassafe, da 504 mai dogon baya da ke kwaso mutane bayan kasuwar ƙauye ta watse, da tsohuwar Landiroba da ke shiga inda kwalta ba ta kai ba, duk aikinsu na cikin duhu ne. Motocin da suka fi kowa buƙatar fitila su ne suka fi kowa wahalar samunta.

Kuma ba baƙi ba ne a wurinmu. Kamfanin Fijo na Kakuri a Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975. 504 ta zama motar gwamnati, motar alhazai, motar haya, aka ci gaba da yin ta a can har tsakiyar shekarun 2000, shekaru da dama bayan Faransa ta daina. A Legas aka harhaɗa Bitil, a Bauchi Steyr, a Kano manyan motocin Fiat, a Inugu Marsandi, a Ibadan Leyland. Mu muka harhaɗa, mu muka sayar wa jama'a, suka yi ƙarko har suka wuce zamanin da ake yi musu kayan gyara. Inji ba shi ne matsalar ba. Babu garin da za ka je ka rasa bakaniken da ya san injin 504 ciki da bai. Abin da ya cinye sai a kai wa mai injin yankan ƙarfe ya fitar da wani. Jiki ya lotse, fanalbita ya miƙar. Fitila ce ba a iya yi mata haka.

Ranka ya daɗe, da za ka tsaya a rumfar mai wayarin ka ga an kwance fitilar gaba ta irin waɗannan motoci, abu uku za ka gani: gilashi, da kwano, da ƙwai. Gilashin ba fili ba ne, cikinsa duk zane ne, wasu layuka a tsaye, wasu a karkace, kowanne da inda yake karya haske ya tura shi. Kwanon ƙarfe ne da aka yi wa shafen madubi mai ɗan karen siriri, wanda ko da tsumma aka goge shi da ƙarfi sai ya tafi. Ƙwan kuma yana da 'yar siririyar waya mai ci da wuta, wadda dole ta zauna a daidai wani gurbi a cikin kwanon, ba gaba ba baya. Tare aka zana ukun nan. Ranar da tsakuwa ta tsaga gilashin, ruwan damina ya shiga, ƙurar hunturu ta bi baya, kafin shekara ta zagayo kwanon ya yi tsatsa ya koma ruwan ƙasa. Daga nan sai dabara. Na ga inda aka shimfiɗa takardar azurfa ta cikin kwalin sigari a cikin kwano. Na ga inda aka fesa masa fenti mai ruwan azurfa. Na ga inda aka je wurin mai yanka gilashin taga ya yanko fili, aka ɗame da gam. Duk waɗannan idan aka murɗa makunni suna kamawa, wanda ya tsaya gaban motar da rana zai ce fitila lafiya lau. Da dare kuwa hasken bai wuce 'yan taku a gaban bamba ba, sauran ya watse sama da gefe. Ba na zargin masu wayarin. Mutum ne ya kawo musu mota da la'asar ya ce gobe da asuba yana da lodi.

To me ya hana a sayi sabuwa? Sai mutum ya fita nema yake sani. A Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, amsar da zai fi ji ita ce, "Babu sabo, Alhaji, sai dai na cire." Na cire kuwa daga motar da aka yanka ne, wadda ita ma rana da ruwa sun gama da nata kwanon. A da kayan Beljiyam ne ke rufa asiri, lokacin da Turawa ke zubar da irin waɗannan motoci. Yanzu sun daina zubarwa, su ma nema suke yi. Fitilar Cibié ko Marchal ta asali wadda ba a taɓa ɗaurawa ba ta zama kayan masu tara tsofaffin motoci, ana cinikinta a intanet da kuɗin Yuro, kafin a zo maganar dako da kwastan. Kamfanin Fijo yana da sashen da ke kula da kayan tsofaffin motocinsa, haɗe da gidan tarihinsa na Sochaux, amma direban a-kori-kura a Ɗambatta ina shi ina Sochaux? Wasu sukan aika Ladipo ko Nnewi, wasu su ƙetara Maraɗi ko Damagaram, ko su sa a duba musu a kasuwar Katako ta Yamai, tun da Nijar ma ta hau Fijo ba kaɗan ba. A kan dace, a kan kuma dawo hannu rabbana.

Abin da ya cika kasuwa shi ne kwaikwayo. A yi adalci, ba duk kwaikwayo ne jabu ba. Akwai masana'antun da ke yin fitilar da ta yi daidai da ta asali, aka gwada ta aka ba ta shaida. Akwai kuma wadda siffar kawai aka kwafa, zanen gilashinta ado ne, kwanonta kuma kafin damina biyu ya dusashe. A cikin kwali ba ka bambance su. Mai shago kansa sau da yawa farashin kawai ya sani, kuma wanda aljihunsa bai da nauyi mai arhar zai ɗauka.

Masu zagayayyar fitila sun fi samun sauƙi. Tun 1940 Amurka ta tsayar da zagayayyar fitila mai faɗin inci 7, girman ya bazu a duniya, Landiroba da Bitil na baya-baya da manyan motoci da yawa duk shi suke ɗauka, kuma har yau ana ƙera shi. 504 ce mai wuyar sha'ani, da fitilarta mai kusurwa huɗu a karkace wadda ba irin ta gama-gari ba ce. Ita ma tana da mafita, domin waɗanda aka kai Amurka da zagayayyun fitilu huɗu aka yi su, biyu a kowane gefe, kuma ana iya mayar da tamu haka a sa ƙananan zagayayyu da ake samu. Wanda ya yi wannan canji, gyara ya yi ko laifi? Ya kamata amsar da zai ji a Sakkwato ta zama ita zai ji a Yola.

Akwai kuma wani tarko da kusan babu mai maganarsa, kuma shi ya fi damuna. Ranar 2 ga Afrilu, 1972 Najeriya ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma dama. Ba sitiyari kaɗai ke da hannu ba, fitilar gaba ma tana da shi. Idan aka sa dim, hasken ba ya fita bai ɗaya. A ɓangaren da motoci ke tahowa an yanke shi a kwance, ƙasa da idon direba. A ɓangaren bakin titi kuma an ɗaga shi da kusurwar digiri 15, don a hango mai tafiya a ƙasa da mai keke da allon hanya tun daga nesa. A ƙasar da ake bin dama, ɗagawar tana dama. A ƙasar da ake bin hagu, tana hagu. Ka ɗauko fitilar da aka yi wa titin Ingila ka ɗaura a nan, sai ɗagawar ta faɗa cikin idon mai tahowa, bakin titin da ake so a gani kuma ya zauna cikin duhu. Murɗa kusoshin saiti ba ya gyara wannan, domin a jikin gilashin abin yake. Yanzu a dubi inda kayan tsofaffin motoci ke fitowa: na Landiroba daga Ingila, zagayayyun fitilu masu sauƙin kuɗi daga Indiya, na tsofaffin Toyota da Datsun daga Japan, na Fijo kuma har da Kenya da Afirka ta Kudu, inda su ma aka harhaɗa ta. Duk ƙasashen nan hagu suke bi. Mutum zai iya tara kuɗinsa ya sayi fitila ta asali, sabuwa fil, ya ɗaura da kyakkyawar niyya, ya riƙa kashe wa bayin Allah ido kullum dare bai sani ba. Ana yi masa ful ana yi masa hon, shi kuma yana mamaki, tun da dim yake kai.

Alhali amsar tana rubuce a jikin gilashi. Fitilar da aka gwada bisa ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya tana ɗauke da 'yar da'ira mai harafin E da lamba a ciki, lambar ƙasar da ta ba da shaida: 1 Jamus, 2 Faransa, 11 Birtaniya. A kusa da ita, idan akwai kibiya mai kai ɗaya, fitilar ta masu bin hagu ce. Idan babu kibiya, tamu ce. Mai kai biyu kuwa ana iya saita ta ga kowane hannu. Yaron shago zai koyi wannan a zama ɗaya. Najeriya ta shiga yarjejeniyar 1958, wadda ta haifar da wannan alama, a shekarar 2018, tare da yarjejeniyar 1997 ta binciken lafiyar motoci lokaci-lokaci. Wato ma'aunin muna da shi, mun sa hannu. Saura ya sauko daga takarda ya iso Ƙofar Ruwa cikin harshen da ake ciniki da shi. Na san mai jabu ma yana iya buga harafin E a gilashinsa, shi ya sa alamar kaɗai ba ta isa ba, sai an haɗa da ganin hasken da ido. Zan zo kan wannan.

Sai annobar wannan zamani, farin ƙwai. Direba ya ga fitilarsa ta dusashe, ya je gareji, a ce masa, "A sa maka LED, dare ya koma rana." Tsofaffin motocin nan da ƙwai iri biyu aka fi saninsu: R2 mai wat 45 da 40, sai H4 da ya fito a 1971 mai wat 60 da 55. A cikin H4, ƙarƙashin wayar dim, akwai wata 'yar ƙaramar garkuwa ta ƙarfe. Ita ke hana haske sauka ƙasan kwano, inda daga can zai tashi sama ya shiga idon mutane. Ita ke zana layin nan da ke kare mai tahowa. Ƙwan LED na kasuwa ba siririyar waya ɗaya ba ce, 'yan ƙwayoyi ne a jere a jikin faranti, kuma a mafi yawansu ba sa zama daidai inda wayar take zama. Cusa shi a tsohon kwano daidai yake da mutum ya ari tabaran wani: tabaran lafiyarsa lau, amma ba don wannan idon aka yanka shi ba. Mai motar yana ganin fari fat a gaban bamba sai ya ɗauka ya ƙaru, alhali nisan da yake buƙatar hangowa bai ƙaru ba, mai tahowa kuwa ya rasa ganinsa na 'yan daƙiƙu. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kano zuwa Katsina da dare lokacin hazo ya san abin da nake faɗa. Farin haske ya bugi ƙura, komai ya ɓace, ka ɗaga ƙafa kana salati, ba ka san ko akwai amalanke ko ɗan acaɓa a gabanka ba. Haka ƙwai mai wat 100 da ake talla, wanda ke ƙona soket ya narka waya ya dafa kwano. Haka doguwar sandar fitilu da ake ɗaurawa a kan bamba, wadda don daji aka yi ta.

Abin takaicin kuma, sau da yawa ba ƙwan ne ya gaza ba, waya ce. A tsohuwar mota wutar fitila takan bi ta makunnin da ke jikin sitiyari, ta ratsa wayoyi masu shekara 40 da mahaɗai masu tsatsa kafin ta isa. Ƙwai mai waya, idan ƙarfin wutar da ke isa gare shi ya ragu da kashi 10 cikin 100, haskensa yakan ragu da kusan kashi 30. A sa rila biyu da fis, a ja sabuwar waya mai kauri daga batir, a kankare tsatsar inda waya ke kama jikin mota, sai ka ga fitilar da aka yanke wa ƙauna ta farfaɗo ba tare da an taɓa idon kowa ba. Masu wayarin na ƙwarai sun san wannan sarai. Amma aiki ne mai cin lokaci, farin ƙwai kuwa nan take ake murɗa shi, kuma shi ne mai mota yake gani ya ce kuɗinsa sun yi aiki.

Ba ina cewa a haramta LED ba ne. Akwai cikakkun fitilu na LED masu faɗin inci 7, waɗanda aka zana tun daga tushe aka ba su shaida, suna shiga gurbin Landiroba ba tare da an yanka komai ba, kuma ba sa jan wuta da yawa, abin da tsohon caja yake so. Jamus a 2020 ta fara amincewa da wasu ƙwayayen LED a cikin fitilun da ba dominsu aka yi ba, amma sai bayan an gwada kowane ƙwai a cikin kowace irin fitila, aka fitar da jerin motocin da ya halatta a sa wa. A Ingila, tun 2021, motar da aka fara hawa daga Afrilun 1986 zuwa yau ba ta tsallake binciken shekara idan aka cusa mata irin wannan ƙwai. Wadda ta girmi haka an bar ta, da sharaɗin haskenta ya fita a tsarin da ya dace. Hanyoyin sun bambanta, amma duka biyun sun gaya wa mai mota inda layi yake.

Bayan mota ma yana da nasa. Jar robar danja rana takan cinye ta ta koma fari-fari, sai a shafa jan fenti ko a liƙa jar leda. Wani siginarsa ta mutu tun bara, da hannu yake nuni, hannun da babu mai ganinsa da dare. A cikin fitilar baya ta asali akwai wani ɗan sashe mai ƙyalli da ke mayar da hasken motar da ke tahowa ko da batir ya mutu murus. Shi ne ke ceton a-kori-kurar da ta lalace a tsakiyar titi, ba ganyen da ake karyowa a zuba ba, kuma jabun fitila sau da yawa siffarsa kawai take da ita. Nan gyaran mai sauƙi ne, domin fitilun baya na gama-gari irin na tireloli, ja da ruwan lemo, suna nan da arha kuma akwai masu shaida a cikinsu. A ce a fili an yarda tsohuwar mota ta sa su, in dai launi da tsawo da tazara sun yi daidai. Mai tara motoci zai ce an ɓata mata fasali. Shi ya ci gaba da neman ta asali, direban haya kuwa a gan shi daga baya ya fi. Akwai kuma maganar rawaya. Faransa ta wajabta rawayar fitilar gaba daga 1937 har zuwa 1993, don haka kayan da ke fitowa daga can na wancan zamani da yawa rawaya ne, kuma akwai direbobin da suka fi son ta lokacin hazo. An yarda da ita ko ba a yarda ba, layi ɗaya a rubuce ya isa.

Wasu ƙasashe sun ware wa tsofaffin motoci rukuni nasu. Jamus tun 1997 tana ba motar da ta kai shekara 30 lamba mai harafin H bayan an bincike ta. Faransa tana da takarda ta musamman ga mai shekara 30, ana duba ta duk bayan shekara 5. Ingila a 2018 ta ɗauke wa mai shekara 40 binciken shekara gaba ɗaya. Wannan na ƙarshen ban roƙa mana shi ba, ko kusa. Motar da ake fitowa da ita ranar hutu daban take da wadda ke ɗaukar buhuna da mutane kullum asuba. Tamu ƙarin dubawa take buƙata, amma dubawar da ta san irin motar da take dubawa.

Na san akwai masu cewa a huta da wahala, a sauke tsofaffin motocin nan daga titi baki ɗaya. Wanda kuɗin fitila ya gagare shi, da me zai sayi mota? Tumatir ɗin kuma ba zai jira ba. Abin da zai faru shi ne ya bar babban titi ya koma hanyoyin bayan gari, ya riƙa fita a lokacin da ya san babu mai tsayar da shi, da ido ɗaya, mai tahowa ya ɗauka babur ne ya matso ya ba shi rabin hanya. Ka fi ni sanin yadda irin wannan gamo yake ƙarewa.

Saboda haka babban roƙona, ranka ya daɗe, shi ne a yi wa fitila hukunci da hasken da take fitarwa, ba da shekarun motar ba, ba kuma da kamawarta da rana ba. Gwajin ba ya buƙatar kayan ƙasar waje. Bango yake buƙata, da fili mai daidaito, da tef ɗin awo, da alli. A tsayar da mota mita 10 daga bango, a auna tsawon tsakiyar fitila daga ƙasa, a zana layi a bangon daidai wannan tsawo, a sa dim. Fitila mai lafiya za ta zana iyaka a fili, kwance a hagu, mai tashi a dama, kuma ɓangaren kwancen zai sauka kimanin santimita 10 ƙasa da layin allin. Wadda aka yi wa Ingila za ta tashi a hagu, kowa ya gani. Mai jabun gilashi ko ƙwan da bai dace ba ba za ta zana iyaka ba sam, sai dai ta shafe bangon. Mai mataccen kwano kuwa da ƙyar za ta bar tabo. Direban da ya ga wannan da idonsa ba ya buƙatar wa'azi, kuma jami'in da ya nuna masa ba ya buƙatar gardama da shi. Ofisoshi za su iya samun na'urar awon fitila a hankali, amma bango akwai shi a kowace tasha. Shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW da ta makanikai ta NATA su ne suka san kowace mota da mai ita. Idan aka horar da masu wayarin ɗinsu, aka ba wanda ya iya shaidar cewa ya iya, rabin aikin ya ƙare kafin mota ta iso shinge.

Sannan a fitar da takarda, shafi ɗaya, da Hausa da Fulatanci da Kanuri da sauran harsunan da direbobi ke ji, a karanta ta a rediyo, a manna a shagunan kayan gyara. Ta faɗi abin da aka yarda a sa a madadin fitilar da ta ƙare a kasuwa, da abin da ba a yarda ba, da hoton alamar E da kibiyarta. Jami'i ya riƙe irinta, direba ya riƙe irinta.

Ina kuma roƙon a bambanta tsakanin masu laifi biyu. Wanda ya fito da dare babu fitila, ko babu danja, wannan a tsayar da shi a nan inda yake, babu tausayin da ya kai hana shi kashe kansa da wasu. Amma wanda fitilarsa take ci, sai dai ta karkace ko ta dusashe ko ƙwan bai dace ba, a ba shi takardar gyara mai wa'adin 'yan kwanaki, ya je ya gyara ya dawo a gwada a bango; in bai dawo ba, tara ta hau kansa ninki. Tarar da aka karɓa aka sallami mota da fitilarta yadda take ba ta ƙara wa titi hasken komai ba, ta ma cinye kuɗin da zai sayi rila da waya.

Na san ba komai ne ke hannunka ba. Takardar shaidar lafiyar mota jami'an VIO na jihohi ke bayarwa, Kano tana da KAROTA, Kaduna tana da KASTLEA, ingancin kayan da ke shigowa kuma aikin hukumar SON ne da kwastan. Amma tun kafa hukumarka a 1988 ita ce muryar da ake ji a kowace jiha a kan lafiyar titi, kuma kai ne za ka iya tara waɗannan a ɗaki ɗaya. A gaya wa SON cewa ƙwan fitila da gilashinta kayan ceton rai ne daidai da taya da birki, a tare fitilun hannun hagu da jabun ƙwai tun daga tashar jirgin ruwa. A gaya wa hukumar NADDC mai kula da ƙera motoci cewa akwai kasuwa a nan. Masana'antun Nnewi da ke zuba kayan roba na motoci ba za su kasa zuba murfin danjar 504 ba idan aka ba su ma'auni, kuma sake shafe tsohon kwano sana'a ce da ake yi a wasu ƙasashe da na'urar da ba ta fi ƙarfin ƙungiyar masu sana'a irin ta Panteka ba. Masu saye ba a Najeriya kaɗai suke ba, suna Nijar da Kamaru da Chadi.

Idan abu ɗaya za a fara da shi, a fara da bangon, kuma a fara kafin hunturu ya shigo da hazonsa, lokacin da zirga-zirgar ƙarshen shekara ke ƙaruwa. A zaɓi 'yan tashoshi inda tsofaffin motoci suka fi lodi, irin na Dawanau da 'Yankaba, a yi gwajin bayan sallar magariba kyauta, babu tara a makonnin farko, a gayyato masu wayarin na unguwar da 'yan kasuwar Ƙofar Ruwa su tsaya su ga abin da kayansu ke zanawa. A rubuta yawan motocin da suka tsallake da waɗanda suka faɗi da dalilin faɗuwar kowacce, domin takardar da za a fitar daga baya ta ginu a kan abin da aka gani.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya kiyaye jami'anka a bakin aikinsu.

Wassalam,
Wani mai hawa tsohuwar 504, daga Kano.